Asabar ɗin Kawu Bala

Ku da kuka san Kawu Bala kun san ba ya kallon mutum a fuska. Ka miƙa masa hannu ya karɓa, yana amsa gaisuwa lafiya lau, amma idonsa na kan ƙugunka. Baƙo sai ya tsargu, ya shiga laluben wando ko tazuge ne ya kwance. Ranar wata walimar suna a unguwar Withington da ke Manchester, wani ɗalibi sabon zuwa daga Kano ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙe zai wuce, sai Kawu ya ce, "Hagu za ka bi."

Ɗalibin ya ce, "Na'am, Baba?"

"Fuskarka tana kallon liman, amma ƙugunka tuni ya tafi wajen shinkafa. Je ka abinka, ba laifi ba ne."

Shinkafar kuwa tana hagu.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma a gidansa na Cheetham Hill na sauka da na zo karatu, saboda haka na san tushen wannan ɗabi'a. Kafin boko ya ɗauke shi ya mai da shi injiniya, Kawu ɗan kokawa ne a ƙauyenmu can wajen Gumel. Wata rana wani abokin aikinsa ya ja shi kallon zari-ruga, irin wanda ake yi a nan arewacin Ingila, ƙartin maza suna gudu da ƙwallo a hannu ana kamo su ana kayarwa. Ya dawo gida yana murmushi shi kaɗai, ya ce da ni, "Nasiru, ashe mutanen nan kokawa suke yi. Ƙwallon don kunya kawai suke riƙe ta."

Daga nan ya je ya yi kwas, aka ba shi takarda, ya zama kocin yara a wani ƙaramin kulob na unguwa. Abu ɗaya tak yake koyarwa: yadda ake kayar da mai gudu ba tare da mai kayarwar ya karya wuyansa ba. Jifa da bugu da sauran dabarun wasan, ya ce wannan aikin wasu ne. Ya shafe shekaru yana wannan abu kowace Asabar, ruwa ko sanyi. A filin akwai wani farin layi da iyaye ke tsayawa a bayansa da kofunan shayi suna tafi. Kawu ya tsani layin nan. Ya sha gaya mini cewa ranar da aka tsayar da shi a bayansa, to a fara neman likkafani. Ina dariya lokacin, don ban ɗauka ranar za ta zo ina gani ba.

Koyarwarsa ba ta da yawa. Yaro zai fara a durƙushe, sannan a tsugune, sannan a tsaye. Kai ya wuce bayan cinyar mai gudu, kada ya shiga gaban gwiwa. Kafaɗa ta fara taɓawa, hannaye su zagaye su ƙulle, ƙafa ta ci gaba da turawa. Amma dokarsa da ta fi ƙarfin kowa ita ce: babu yaron da zai sa rigar kulob ya shiga wasa sai ya kayar da shi Kawu Bala da kansa. Zai rungumi ƙwallo ya taho yana ɗan sassarfa, hularsa a ka, yaro ya shigo masa ta ƙasa, su zube tare. Yana kwance a taɓo zai yanke hukunci. Ko dai ya ce "A ba shi riga," ko ya ce "Sake."

Baturiyar da ke riƙe da kulob ɗin ta gaji da ganin dattijo yana birgima, ta sayo dogayen buhunan soso da aka yi musamman don wannan aiki. Asabar ta zagayo, ta tarar Kawu ya jera su a bayan layi iyaye sun zauna a kai. Ta tambaye shi dalili. Da muka shiga mota yake maimaita mini amsar da ya ba ta, yana jin daɗin kansa.

"Na ce da ita, madam, buhun nan yana da gwiwa? Ta ce no. Na ce yana da baki? Ta ce no. To in yaro ya sa kansa a wrong side, wa zai gaya masa? Ni cinyata tana ji. Kuncin yaro na sauka na san inda ya sauka."

"To ita me ta ce, Kawu?"

"Ta ce insurance. Mutanen nan in magana ta ƙare musu sai su ce insurance."

Wanda ya sha wahalar wannan ra'ayi ita ce Goggo Hajara, matarsa, Allah ya jiƙanta. Ta yi haƙuri shekara guda, sannan ta ce injin wankinta ba gona ba ce, kada a sake kawo mata ƙasa. Kayan motsa jikin Kawu kuwa guda ɗaya ne, shuɗi da ya koɗe ya koma launin toka, kuma ya rantse ba zai sayi wani ba tunda wannan bai yi masa laifin komai ba. Sai ya samo mafita. In mun dawo, zai tsaya a bayan gida da kayan a jikinsa, ya miƙa mini tiyo ya ce in fesa. A watan Janairu fa, a Manchester. Haƙoransa na haɗuwa, yana juyawa a hankali yana cewa, "Bayan gwiwa, Nasiru, ka bar bayan gwiwa." Goggo tana leƙe ta tagar kicin tana cewa, "Malam, in ka mutu ni ba zan ce wa mutane sanyi ne ba, cewa zan yi taurin kai ne." Ita ta riga shi. Bayan rasuwarta injin wankin ya zama nasa shi kaɗai, amma bai taɓa sa kayan nan a ciki ba.

Kuma kada ku ɗauka ya damu da ci ko rashin ci. Akwai ranar da yaranmu suka lallasa wata unguwa, ana ta tsalle, na je na same shi ya haɗe rai. Na ce, "Kawu, mun ci fa."

Ya ce, "Wa muka ci?"

"Waɗancan masu jar riga."

"To madalla. Ka ga inda Jamilu ya sa kansa a tackle na biyu? Da yaron can ya ɗaga gwiwa, da yanzu muna A&E na asibiti muna kiran uwarsa."

Jamilu, wanda ranar ya fi kowa ƙoƙari, sai da ya koma durƙuso mako biyu.

Bara da kaka ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. A kicin ya faɗi, maƙwabci ya ji ƙarar. Da aka sallame shi daga asibiti, 'yarsa Yaya Bilki, wadda likita ce a Birmingham, ta ce ba zai koma zama shi kaɗai ba, ta ɗauke shi zuwa gidanta a Perry Barr. Gaskiya ce da ita, kowa ya sani, har shi. Amma ranar da muka kwashe kayansa ban iya kallonsa ba. Ya zauna a mota da usur ɗinsa a wuya, bai waiwayi gidan ba, filin kawai ya ce a bi da shi ta gabansa.

Daga nan kowace Juma'a bayan Magariba wayata za ta yi ƙara. Ba sallama mai tsawo. "Nasiru, gobe Asabar." Sai in ce na sani, Kawu. Sannan ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Wadda ya fi tambaya ita ce Hafsa, 'yar wani malami da ya zo digiri na uku, yarinya 'yar shekara goma sha biyu, siririya mai zafin nama. Ita kaɗai ta rage ba ta kayar da shi ba kafin ciwon. Sabon kocin ya ba ta riga, ta ƙi karɓa. Ta ce kowa sai da Coach Bala ya ce a ba shi, ita ma za ta jira.

Da labarin ya kai masa, ya dage sai an kai shi filin, gidan Yaya Bilki ya daina zaunuwa. Ya ƙi abinci, ya ƙi atisayen da likitoci suka sa shi, sai da ta sauko.

Ta ce, "Baba, kallo kawai. Kana kan blood thinners, maganin tsinka jini, in ka faɗi ka bugu ba wasa ba ne. Ka yi mini alkawari."

Ya ce, "Bilki, ni da ko takalmi sai an sa mini?"

Ranar Asabar na je na ɗauko shi, sai da muka hau babbar hanya na lura bai yi alkawarin ba. Na kuma lura da shuɗin wandon nan yana leƙowa ta ƙasan jallabiyarsa. Na yi magana, ya ce in kula da tuƙi.

Da muka isa, yara suka yo kansa a guje, suka tsaya cak da suka gan shi da sanda, baki ya ɗan karkace. Na sa masa kujera a bayan layi. Bai ko kalle ta ba. Ya tuɓe jallabiya da hannu ɗaya, ya tsallake layin yana jan ƙafa, ya ce a ba shi ƙwallo. Na riƙe shi na ce, "Kawu, don Allah." Ya ce, "Sake ni, ɗan nan," da wata murya da ban taɓa ji ba, na sake shi. Ya yar da sandar, ya matse ƙwallon a ƙirji da hannun dama, ya kira Hafsa.

Ta fito. Ya taho, ba sassarfa yanzu, taku ɗaya sai ya jawo ɗayar ƙafar. Ta sunkuya yadda ya koya mata, ta matso, kafaɗarta ta kusa taɓa cinyarsa. Sai ta tsaya. Ta miƙe a hankali.

Ya ce, "Sake."

Ta koma, ta sake tahowa, ta sake tsayawa. Wannan karon hawaye take yi. Ta ce, "No, Coach."

Ya juya ya kira Jamilu, wanda yanzu ya fi shi tsawo. Jamilu ya sunkuyar da kai. Ya kira wani, ya kira wani, babu wanda ya motsa. Ya ce musu matsorata, da Hausa, wadda yawancinsu ba sa ji. Can sai ya lanƙwasa ƙafarsa mai lafiya, ya sauka ƙasa da kansa, ya kwanta rigingine a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ƙwallon na ƙirjinsa. Ya daɗe yana kallon sama. Sannan ya ce, "Nasiru, ɗaga ni." Na ɗaga shi, na ji babu nauyi ko kaɗan, a nan ne nawa kukan ya zo.

Muka kama hanyar komawa. Taɓon bayansa ya ɓata mini kujera, na ci gaba da tuƙi. Sai da muka fara ganin fitilun Birmingham ya ce, "Ka kira kocin nan. A ba ta riga."

Na ce, "Ai ba ta kayar da kai ba, Kawu."

"Ta san wanda ba a kayarwa. Wannan ba ni na koya mata ba." Ya cire usur ɗin daga wuyansa, ya sa a aljihu. "Kuma mako mai zuwa kada ka wahalar da kanka."

Juma'ar da ta biyo baya na zauna da waya a hannu bayan Magariba. Ba ta yi ƙara ba. Ni na kira, muka gaisa, ya tambayi iyalina, ya tambayi aiki, ya yi mini addu'a kamar kowane dattijo. Bai ambaci Asabar ba, ranar ko bayanta. Kafin azumi ya kama Allah ya karɓi abinsa, yana barci a ɗakin da Yaya Bilki ta gyara masa.

Ya Allah, bawanka Bala ya zo gare ka. Ka san yara nawa suka koma wurin iyayensu da wuyansu lafiya saboda ya ba da jikinsa. Ka yafe masa taurin kansa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, ka sassauta masa ƙasa, ka haɗa shi da Goggo Hajara a Aljanna. Mu kuma da ya bari, ka ba mu haƙurin rashinsa. Amin.