Faifan da Ba Shi da Suna

Duk wanda ya zauna a unguwar Ali Kazaure ta Jos a shekarun can ya san shagon Babayo mai rikoda, ko da bai taɓa shiga ba, don kiɗa ne ke yi wa mutum jagora tun daga bakin kwalbati. Ɗan ƙaramin shago ne tsakanin wani tela da mai gyaran fitila. A ciki akwai benci ɗaya, da kanta shaƙe da faya-fayen tef, sai ita uwar gayya: rikoda mai nauyin buhun masara, irin wadda zaren tef ke warwarewa daga wannan faifai yana naɗewa a wancan.

Babayo ɗan masu shanu ne. Mahaifinsa ya sauka Jos da garke, daga baya ya koma dillanci a kara, ya so ɗansa ya gaje shi. Shi kuwa ɗan, in ya ga saniya sai hamma, in ya ga waya da batir sai ido ya buɗe. Ana saura shekara guda a fara yaƙin basasa wani Bature mai aikin kuza da zai koma gida ya sayar masa da rikodar, tun daga ranar bai sake taka kara ba sai in layya ta kai shi.

Aikinsa ɗaukar murya. Masu garaya, 'yan kalangu, mai goge da ya zo ci-rani, har mawaƙan cocin da Pam ke jagoranta a Daɗin Kowa, kowa ya zo ya rera, Babayo ya naɗe. Da yake babu wanda ke da injin da zai kunna faifan a gida, sai su bar masa ajiya. In biki ya tashi a kira shi ya zo da rikoda da lasifika, in mutum ya yi kewar muryarsa ya zo ya zauna a benci a sa masa. A haka faifai ya haura ɗari biyu, kowanne da sunan mai shi a jikin kwali.

Ɗaya ne kawai ba shi da suna. Na Zulaihatu ne, 'yarsa ta fari, kuma a gidansu ba a faɗin sunan ɗan fari. Uba ba ya kiran sa, ba ya yabon sa, ba ya ɗaukar sa a gaban mutane. Shekara goma sha takwas Babayo ya yi yana ce mata "ke", in zai ba da labarinta ya ce "yarinyar nan". Wanda bai iya furta suna ba, ina zai iya rubuta shi a kwali ya jera a kanta? Wata rana da ta zo hutu daga makarantar horon malamai, ta kawo masa abinci shago yana gwada sabon makirfo, sai ya ce, "Ke, yi magana a nan." Ta yi dariya, ta rera waƙar da suke koya wa 'yan aji ɗaya, ta ɗora da wadda kakarta ke yi wa shanu lokacin tatsa. Minti goma sha ɗaya ke nan. Da damina ta zagayo zazzaɓin kwana huɗu ya tafi da ita.

Babayo bai yi kuka ba. Mutane suka yaba, suka ce ga namiji, ga mai tawakkali. Gaskiyar magana ba haƙuri ba ne, bai ji komai ba ne. Kashegarin sadakar uku ya buɗe shago. Yana cin tuwo bai san ko da gishiri a miya ba, yana ɗaukar mawaƙa yana kallon allurar rikoda tana rawa, in an gama bai iya faɗin abin da aka rera. Faifan yana nan a ƙarshen layin ƙasa. Bai kunna shi ba, amma kullum in zai kulle shago sai ya kai ido wurin.

A watan Maris na 1978 rikodar ta fara wani gurnani. Ya tafi kantin Madam Nkiruka a cikin gari, inda ya saba sayen tef da kayan gyara. Ta ciro wata takarda daga aljihun tebur ta shimfiɗa masa, alhali ta san Turancinsa bai wuce gaisuwa ba.

"Oga Babayo, company ya daina yin wannan machine," ta ce. "Ba moto, ba kan da ke karanta tef, ba spare part ko ɗaya. Sun rufe wannan layi gaba ɗaya. Wanda ya rage a Lagos an kwashe tun Kirsimeti."

"To," in ji Babayo.

Ta nuna masa abin da ke kanta: ga na kaset, mai sauƙi, shi kowa ke saye yanzu, ga kuma wata mai faifai ta wani kamfani daban. Ya ce zai yi shawara.

Shawara kam ya same ta har ta yi masa yawa. Direbobin tashar Farin Gada suka ce kaset, ai shi ne zamani, a aljihu ma sai ka sa shi. Tela maƙwabcinsa ya ce kaset cin zare yake kamar tsohon keken ɗinki. Pam ya ce ya jira, ƙila kamfanin ya sake tunani. Babayo ya saurari kowa da fuska ɗaya, sannan ya ɗora rikodar a kan keke ya tura ta wurin Gyang, tsohon makanikin lantarki na kamfanin kuza, wanda shi ke duba ta tun tana sabuwa a hannunsa.

Gyang ya kwance bayanta, ya kara kunne, ya shinshina.

"Moton ya gaji, Malam. Sau biyu na naɗa masa waya, na uku ba zai karɓa ba. In za ka saya, kar ka bi mai kyaun fuska. Ka sayi wanda kayansa yana kowane kanti, wanda kamfaninsa ba zai gudu ya bar ka ba. Wancan mai faifai na wurin Madam, shi. Ba shi da bel, ba shi da taya, moto ne kai tsaye. Gudunsa ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, ko shekara ashirin."

Ita Babayo ya saya. Aka kawo ta shago, aka yaye leda, unguwa ta taru a ƙofa. Ya ɗauko faifan wani mai garaya, mutum mai murya kamar ana mirgina ganga, ya ɗora. Abin da ya fito sai ka ce yaro ne ya sha barkono. Garayar tana gudu, muryar ta sirance, ana maganar farauta kamar ana tseren keke. Mutanen ƙofa suka kwashe da dariya. Ya sa na Pam, mawaƙan coci suka koma 'yan tsaki. Ya sa na uku, haka.

Aka kira Gyang. Ya saurara, ya daɗe yana sosa ƙeya, can sai ya dafe kai. Lokacin yaƙi ƙaramar tayar da ke jan bel a tsohuwar rikodar ta fashe, babu kaya a kasuwa, shi da kansa ya sa aka fere wata ta tagulla a wurin aikinsu. Ta ɗan fi ta asali ƙanƙanta. Tun daga ranar injin yake tafiya a hankali, yana ɗauka a hankali, yana mayarwa a hankali, shi ya sa babu kunnen da ya taɓa kamawa. Shekara goma Babayo yana naɗe muryoyin mutane da gudun da babu wani inji a duniya da ke yin sa sai nasa.

"Dabara ɗaya ce," in ji Gyang. "A haɗa su da waya. Tsohon yana karantawa, sabon yana rubutawa. Amma faifan awa ɗaya, awa ɗaya zai ci. Moton nan kuwa ban san kwana nawa ya rage masa ba. Ka fara da wanda ya fi maka muhimmanci."

Babayo ya san wanda ya fi masa muhimmanci, har hannunsa ya nufi layin ƙasa. Amma ga Gyang a tsaye, ga tela a bakin ƙofa, ga Pam da ya ji labari ya zo. A ce ya tsallake ajiyar mutum ɗari biyu ya fara da nasa, nasan ma na 'yar fari? Sai hannun ya haura sama ya ɗauko faifan farko na layin farko.

Abin haushi, da ya ɗauko na Zulaihatu babu wanda zai ce masa uffan. Gyang bai ma san akwai faifan ba. Minti goma sha ɗaya ne, ko shayi bai huce ba an gama. Amma haka aka tarbiyyantar da shi, kuma mutumin da zuciyarsa ta daskare ba ya gardama da tarbiyya, bin ta kawai yake.

Ya bi su da tsari kamar mai rabon gado. Daga hantsi zuwa azahar faifai uku, a kashe inji ya huce, a yi masa fifita da kwali, bayan la'asar a ƙara biyu. Na waɗanda suka mutu ya fara kwafewa, don su ba za su dawo su sake rerawa ba. Zulaihatu ma ta mutu, amma bai sa ta a cikinsu ba. Sau da yawa shagon yakan zama babu kowa, daga shi sai injuna biyu, yakan dubi layin ƙasa ya ce wa kansa gobe. Ba kunyar mutane kaɗai ba ce a lokacin. Ya san in ya kwafa dole ya saurara.

Matarsa Aisatu, wadda ita ma ba ta taɓa kiran sunan ba, ta tare shi wata safiya yana ɗaure ƙafar wando zai hau keke.

"Malam, an kai kan na yarinyar nan?"

"Ana zuwa."

"Na ji an ce injin yana wari."

"Akwai na mutane a gaba."

Ta tsaya riƙe da tsintsiya. Shi kuwa ya hau kekensa ya tafi.

Kwana talatin da takwas tsohuwar ta yi tana ja. Ranar wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar faifan wasu 'yan kalangu da ke nan da ransu a Farin Gada, kullum ma sai sun wuce ta ƙofar shagon, kiɗan ya ja dogon numfashi ya tsaya. Wani siririn hayaƙi ya fito ta baya. Saura faifai goma sha tara a kanta.

Gyang ya zo ya duba, ya mayar da murfi bai ɗaure kusoshi ba. Ya ce ko da zai samu wanda zai sake naɗa moton, ba zai koma gudun da ba. Tayar tagullar kuma babu inda za ta shiga a sabuwa, ai don haka aka saye ta.

"To," in ji Babayo. Ya yi masa godiya, ya raka shi har bakin kwalbati.

Masu faifai goma sha takwas ba su damu ba, yawancinsu suka ce sa sake rerawa. Sabuwar rikodar kuwa ta cika alkawari. Ta yi aiki shekara da shekaru ba ta taɓa yin tari ba, Babayo har ya tsufa yana yaba ta ga duk mai neman shawarar inji.

Ranar Juma'ar makon da tsohuwar ta mutu, bayan an sauko daga masallaci, Aisatu ta zo shagon. Rabonta da shi tun ranar da aka buɗe. Ta zauna a benci ta gyara mayafi.

"Sa mini," ta ce.

"Ba zai fito daidai ba."

"Sa mini haka nan."

Ya tura ƙyaure, ya durƙusa ya ɗauko faifan, ya zarga zaren a sabuwar rikodar. Dariya ta fara fitowa, siririya, da sauri. Sai waƙar 'yan aji ɗaya da muryar wata 'yar shekara bakwai da ba su taɓa haifa ba. Aisatu ta saurara kanta a sunkuye.

"Ba ita ba ce," ta ce.

Babayo bai san lokacin da ya kai yatsa ya dafa gefen faifan da ke warwarewa ba. Injin ya yi ƙoƙarin ƙwacewa, ya ƙara dannawa. Muryar ta sauko, ta yi ƙasa da yawa har ta zama ta namiji, ya ɗan sassauta, ta haura. A tsakanin nan, na ɗan abin da bai fi numfashi biyu ba, Zulaihatu ta fito sak, tana kiran saniyar kakarta. Aisatu ta dafe bakinta. Yatsan ya zame, muryar ta gudu.

Ya sake dannawa, ya wuce. Ya sassauta, ya wuce. Gefen faifan ya fara ƙona masa fata, bai ɗaga ba. Waƙar ta ƙare yana nema, aka ji motsin kwano, sannan a daidai lokacin da yatsan ya sake faɗawa wurin, ta tambaya da muryarta ta gaskiya, tana dariya:

"Baba, ya isa?"

"Bai isa ba, Zulaihatu," in ji Babayo.

Zaren ya ƙare, jelarsa tana dukan jikin injin. Aisatu ta ɗago ta dube shi, don tunda suke ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba.