Aljanin da Ya Makara

A duk ƙauyukan da ke gindin duwatsun Manchok ba a taɓa haihuwar mutum marar laifi kamar Kumai ba. Ɓarna kam ya yi ta har ta ishi dangi, sai dai kullum akan tarar wani ne ya ari hannunsa ya yi ta. Yana yaro, in awaki sun shiga gonar maƙwabta, igiya ce ta ruɓe. Da ya zama saurayi aka ɗauke shi aikin gyaran layin dogo a Kafanchan, aka kore shi kafin damina ta fita, ya dawo gida ya ce heluma, shugaban leburori, shi ne ba ya ƙaunar mutanen dutse. Barcin da yake sheƙa a inuwar tarago kuwa bai shigo cikin labarin ba.

Da ya yi aure sai ya sami abokin da ya fi igiya da heluma amfani, wato burkutu. Matarsa Afiniki, 'yar tsoho Zamani, ita ce gwanar dafa shi a unguwarsu. Har daga ƙetaren rafi ake zuwa sha, Kumai kuma shi ne mai ɗanɗanawar farko, shi ne mai karkaɗe ƙwarya. Ya taɓa sayar da garmar ƙanensa ba da saninsa ba. Ya taɓa ƙone rumbun kansa da wutar lofe. Ya taɓa fasa wa mai busa ƙaho kai a wurin biki don wai yana kallonsa. Washegari sai ya zauna a ƙofar gida, ya riƙe kai, duk wanda ya zo da ƙara ya ce masa, "Ni ma labari na ji. Giya ce."

Mutanen ƙauyen suna da wata al'ada da ta yi masa daidai kamar an auna shi aka ɗinka. Maganar da mutum ya yi a cikin maye ba a ɗaukarta tasa. Dattawa sukan ce abin da aka zubar a bakin tukunya a bakin tukunya ake wanke shi: a kawo jan zakara, a kawo tulun giya, a sha, a tashi. Amma wanda ya yi zagi idonsa biyu, cikinsa ba komai sai tuwo, wannan daga zuciyarsa ta fito, kuma zakara ba ya wanke zuciya. Kumai ya ƙarar da zakarun gidansa kaf a kan wannan hanya, bai taɓa cewa "na yi" ba.

A shekarar 1953 wani mai bishara, Malam Andrawus, ya zo ya kafa majami'ar ciyawa a bakin ƙauye. Ɗarikarsa ba ta yarda da ko ɗigon giya ba. Ya yi wa'azi cewa Shaiɗan yana zaune a gindin kowace tukunyar burkutu, yana jira a haɗiye shi. Sauran mutane gargaɗi suka ji, shi ya sa suka ja baya. Kumai shi kaɗai ya ji abin da aka faɗa da kunnen basira: ashe dai shekara da shekaru ana cin zakarunsa a kan laifin wani. Ya tuba a take. Aka yi masa baftisma a rafi, ya fito da suna Meshak, ya wuce gida da jiƙaƙƙun kaya ya kwaso tukwanen matarsa ya farfasa su a gaban majami'a ana waƙa. Ba a tambayi Afiniki ba. Ta tsince katangun ta yi wa kaji wurin shan ruwa, ran Lahadi kuma ta bi mijinta sujada.

Nan da nan Meshak ya zama abin nunawa. Aka ba shi bencin gaba, aka danƙa masa buga ƙararrawa, wani guntun ƙarfen dogo da aka rataya a reshen mangwaro. Duk Lahadi sai ya miƙe ya ba da shaida, ya jero garma da rumbu da kan mai ƙaho, yana girgiza kai kamar wanda ke ba da labarin wani mugun maƙwabci da ya ƙaura. Har hujja ya samo. Wata rana ya kai citta tashar Kafanchan, wani akawu mai son a san ya yi karatu ya gaya masa cewa sunan da Turawa ke kiran barasa daga Larabci suka aro shi. Wasu sun ce sunan wani aljani ne mai cin mutane, in ji akawun, amma waɗanda suka fi bincike sun ce daga kwalli ne, wannan dai da mata ke sawa a ido. Meshak ya taho gida da labaran nan biyu. Hanya da nisa, kaya da nauyi, sai ya yar da kwallin a wajen gada, ya iso da aljanin.

"Ko Bature ya san da shi," haka yake faɗa a majami'a yana ɗaga yatsa. "Sunansa ma ya sa wa abin. To, wa ya ƙone rumbuna?"

Jama'a su amsa, "Aljani!"

Afiniki tana bencin mata tana gyara wa 'yarsu Hellen ɗankwali.

Sai dai akwai abin da wa'azi bai yi magana a kai ba, shi ne acca. Acca ba ta jiran kowa. In ta nuna ba a yanke ba sai ta zube ƙasa, tsuntsaye su yi godiya. Mutum ɗaya ba ya iya yanke gona, sai da gayya, gayya kuwa a ƙauyen nan da burkutu ake kiranta. A daminar da ta biyo baya gonar Meshak ta yi kyau fiye da kullum. Ya aika gida-gida cewa a zo ranar Talata, za a sha kunu.

Ranar Talata aka ga 'yan majami'a ƙalilan, yawancinsu tsofaffin mata, da Malam Andrawus wanda ya fi iya riƙe littafi a kan lauje. Daga cikin waɗanda ba su tuba ba mutum ɗaya ne ya zo: tsoho Zamani, surukinsa, da laujensa a kafaɗa, don ba ya son jikarsa ta kwana da yunwa. Aka yi ta fama har rana ta take, ba a ci ko kusurwar gonar ba. Meshak yana duban sauran, yana duban hadarin da ke haɗuwa a kan dutse, zuciyarsa tana tafasa.

Afiniki ta sauke kunu a inuwa. Ta durƙusa ta miƙa wa mahaifinta ƙwarya. Tsohon ya kurɓa, ya tauna kamar mai neman wani abu a ciki, ya dubi matan da ke gefe.

"Wa ya haihu ne?" ya ce. "Na ga an dama na masu jego. Ko maigidan ne? Barka, barka da arziki."

Matan suka fashe da dariya, har Malam Andrawus ya rufe baki da hannu. Wasa ne irin na tsofaffi, wanda suruki ke haɗiyewa ya ce na gode, Baba. Meshak bai haɗiye ba. Ya tashi ya buge ƙwaryar daga hannun tsohon, kunu ya wanke masa gemu. Sannan ya kira shi da sunansa tsirara, abin da suruki ba ya yi ko a mafarki.

"Zamani! Tsohon kare mai warin tsami! Kai ka hana mutane zuwa gonata!"

Tsohon ya share gemunsa, ya ɗauki laujensa, ya dubi 'yarsa ya ce, "Gobe dattawa za su zauna. Ki ɗaure kayanki." Ya tafi bai waiwaya ba.

Kafin tsohon ya ɓace a cikin dawa Meshak ya riga ya gama lissafi. Zagin suruki ido biyu hukuncinsa ɗaya ne, uba ya ɗauke 'yarsa. Zagin maye kuwa zakara ne. Ya duba hagu, ya duba dama, babu tukunya, babu aljani, sai kunu a ƙasa da shaidu. Abin da ya rage shi ne a je a ɗauko aljanin, ko da ya makara.

Ya bi ta bayan gari zuwa rumfar Angelina, wadda ɗarikarta ba ta hana ta dafa giya ba.

"Lale da mai ƙararrawa!" in ji ta. "Wa'azi ka kawo mana, ko tukwanena ka zo fasawa?"

"Zuba mini. Mai ƙarfin."

"Kai da ka ce akwai mai cin mutane a ciki?"

"Zuba dai, Maman yara, sauri nake."

Ya shanye ƙwarya a tsaye, ya ƙara, ya ƙara. Da ya ga ƙafafunsa sun ƙi yin tangaɗi da wuri sai ya kwarara ragowar a gaban rigarsa. Ya fito ta tsakiyar ƙauye, ba ta bayan gari ba, yana rera tsohuwar waƙarsa ta mashaya, yana tsayawa a ƙofar kowane dattijo don a shaƙi warinsa da kyau.

Washegari dattawa suka zauna a gindin ɗorawa. Meshak ya zo da jan zakara a hammata, ya durƙusa, ya riƙe kai yadda ya saba.

"Iyayena, ni ma labari na ji. Na faɗi cikin jaraba tun da safe, kafin in je gona. Abin nan ne ya shige ni."

Wasu dattawan har sun fara gyaɗa kai, don gaskiya sun yi kewar zakarun Kumai. Sai Malam Andrawus ya nemi izinin magana. Shi fa tun jiya ba abin da ke damunsa kamar a ce an sha giya a gayyar masu bi, magana ta kai kunnen manyansa a Kafanchan. Ya miƙe ya gyara riga.

"Ranku ya daɗe, ba zan bari a ɓata sunan ikkilisiya ba. Tun fitowar rana ina tare da ɗan'uwa Meshak. Ni na yi addu'ar buɗe aiki, kansa yana jikin kaina, ba warin komai a bakinsa. Kunu muka sha, kunu kaɗai. Hankalinsa garau yake a lokacin da ya yi maganar."

"Malam," in ji Meshak cikin raɗa, "zauna mana."

"Kada ka ji tsoro, ɗan'uwa, gaskiya za ta 'yantar da kai."

Daga bayan taro Angelina ta ɗaga murya. "Ni dai rana ta karkata ya zo wurina, da ƙafafunsa miƙe kamar na soja. Rabi ma rigarsa ce ta sha."

Babban dattijon ya bari dariya ta lafa, sannan ya juya ga Afiniki. "'Yata, ke kika zauna da shi. Me kika gani?"

Ta amsa, idonta a ƙasa. "Baba, na zauna da Kumai mai sha, na zauna da Meshak marar sha. Tuwo ɗaya suke ci, tsawa ɗaya suke yi. Ni ban taɓa ganin na ukun ba."

Da yamma ta bi mahaifinta, Hellen a gaba da ƙunshin tabarma. Ran Lahadi ikkilisiya ta sa Meshak a horo saboda abin da ya sha a rumfar Angelina, wanda duk gari ya shaida da hancinsa. Aka karɓe ƙararrawa, aka mai da shi bencin baya kusa da ƙofa. Ruwa ya sauka a kan accar, abin da ya rage tsuntsaye suka raba.

Tsoho Zamani ba mai riƙo ba ne. Ya aika cewa ba ya son zakara, ba ya son tulu. Abin da yake so shi ne mutumin ya zo ƙofar gidansa da rana, a gaban mutane, ya ce shi ne ya yi zagin, da kansa, da saninsa, sai ya ɗauki matarsa. Duk ƙauyen aka ce an yi masa sauƙi.

Kaka ta wuce, rani ya wuce. Meshak ya koyi tuƙa tuwo, mai gudaji. Yakan yi wanka, ya sa rigar sujada, ya kama hanyar gidan surukinsa, sai a tsakiya ya tuna akuyarsa ba ta sha ruwa ba. Sai da aka fara sharar gonaki ya isa ƙofar. Tsohon yana zaune yana saƙa kwando, maƙwabta suka taru, Afiniki ta tsaya a bakin zana da muciya a hannu.

Meshak ya durƙusa. Ya yi gyaran murya, ya sake yi.

"Baba, abin da ya faru a gona, wato, bakina ne ya..."

Tsohon bai ɗaga kai daga kwandonsa ba.

"Na ji. Koma gida ka zo mini da mai bakin."

Afiniki ta koma ciki, tuwonta yana kan wuta.