Siddo da Rubutun Sumer a Jikin Rumbu

Siddo haifaffen Bengou ne, amma a Gaya ya girma, kuma duk unguwa an san shi da hali ɗaya: ba ya ƙarasa abin da ya fara. Lakwal, wato makarantar boko, ya bar ta a tsakiya. Ya bi kamiyo yana yaron mota, ya ce ƙugunsa na ciwo. Ya yi kabu-kabu, ya ce rana ta yi yawa. Da mahaifinsa ya rasu ya bar masa gona da rumbu, matarsa Zuwera ta ɗauki noma, shi kuwa gogan ya ɗauki inuwa.

A inuwar nan yana latsa talho, wato wayar hannu, ya ci karo da bidiyon wani Bature mai koyar da rubutun mutanen Sumer, irin wanda ake dannawa da kara a ɗanyar laka. Abin ya shiga ransa. Ya fere kara, ya koyi alamar tunkiya, da ta sa, da ta ruwa. Nan ilimin ya tsaya, amma bakin bai tsaya ba.

Wata shekara gero ya yi kyau, Zuwera ta cika rumbu da dammuna. Ta ce, "Maigida, yaɓen nan ya tsage, kuma cimarmu ta shekara ce a ciki. Ka gyara shi kafin damina."

Abin mamaki, ya yaɓe. Sai dai da ya ga laka ɗanya shimfiɗe gabansa, hannu ya yi masa ƙaiƙayi, ya bi rumbun da alamu tun daga gindi har wuya. Maƙwabciyarsu tsohuwa Indo ta leƙo ta ce, "Siddo, wannan sawun kaji fa?"

"Kayya, Inna, jahilci mugun ciwo! Rubutun ƙasar da aka haifi Annabi Ibrahim ne."

Tsohuwa ta kama baki. Washegari ta dawo da ƙoƙo, wai gwiwa ta dame ta. "Malam, a bar ni in kankare kaɗan in jiƙa in sha, ko na samu albarka."

Siddo ya san abin da ke wurin bai wuce "tunkiya, tunkiya, ruwa" ba. Amma tun da uwarsa ta haife shi ba wanda ya taɓa ce masa Malam, kuma daɗin sunan ya ratsa shi har ƙashi. Ya ce ta kankara.

Shi ke nan, magana ta bazu. Mata masu sayar da kifi suka zo, direbobi masu shirin tafiya suka zo, kowa da cokalinsa na kankarar lakar rumbu. Zuwera ta yi ta faɗa, "Bangon nan ya zama kamar ɓawon ƙwai, ka faɗa musu gaskiya!" Ya kan yi niyya, sai wani ya durƙusa ya gaishe shi, niyyar ta bi iska.

Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ruwan farko da ya sauka da ƙarfi, cikin rumbun ya ɓurme, dammuna suka zube cikin taɓo. Zuwera ta durƙusa tana tsintar zangarniya tana hawaye, don ta san wannan geron ba zai kai su kaka ba.

Ruwa bai gama ɗaukewa ba mutane suka cika gidan da ƙoƙuna, suna roƙon lakar da ta faɗi. Siddo ya dubi matarsa, kunya ta kama shi, ya buɗe baki zai yi magana. Wani daga baya ya ce, "Allah ya ƙara wa Malam sani."

Siddo ya gyara hula ya ce, "To, ku bi layi. Kuma kada ku taka mata gero."