Yatsa Ɗaya Babu Lalle

Duk unguwarmu a garin Muzaffargarh na ƙasar Pakistan babu amaryar da hannunta bai bi ta wurin Khala Shamshad ba, wato Inna Shamshad. Mai lalle ce, gajera, ga baki, ga ciwon gwiwar da ya sa kullum take zama a ƙasa ta miƙe ƙafa ɗaya. Amma yau ka ambaci sunanta a gidan biki, sai ka ga mata suna taɓe baki, wai mai mugun fata ce. Katanga ɗaya ta raba mu da ita, kuma wallahi abin nan yana ci mini rai.

Laifinta ɗaya ne, ba ta rufe farcen yaro mara lafiya da lalle. Tun da ciwon zuciya ya ɗauke mata 'yarta Nighat washegarin wata Sallah take haka. In aka kawo mata yarinya mai yawan haki, sai ta zana mata fure a tafin hannu, ta bar faratan fes. Daga nan ta tsare uwar da surutu, wai ta riƙa matsa farcen tana saki, ta ga ko jini ya dawo da wuri. In ya yi shuɗi-shuɗi, ko yarinyar ta yi shirun da ba nata ba, kada ta tsaya jiƙe-jiƙe, ta nufi asibiti. Wasu su ji, wasu su ce ta cika iyayi.

Hifza, 'yar Rubina, shekararta biyar. Da huji a zuciya aka haife ta, likitoci suka ce sai ta ƙara ƙwari za a yi mata aiki. Ranar lallen gwaggonta, kakarta ta wajen uba, Dadi Irshad, ta zaunar da ita gaban Shamshad, ta ce a tsoma yatsun nan har gaɓa kamar na sauran yara.

"Yaya, ki bar mini ko farce ɗaya ne," in ji Shamshad.

"Ke likita ce ko mai lalle? Jikata ba za ta fita biki kamar marainiya ba."

A gabana aka miƙa wa Shamshad kwanon lallenta aka nuna mata ƙofa, tsohuwa guda, tana ɗingishi, ko shayi ba a ba ta ba. Aka kira wata yarinya daga shagon kwalliya ta ƙarasa lallen. Rubina matar ɗa ce, ba ta isa ta mayar wa uwar miji magana ba. Sai dai kafin layi ya zo kan Hifza ta shige da ita ɗaki, ta naɗe mata ƙaramin yatsa da tsumma, ta fito ta ce wuƙa ce ta yanke ta.

Washegari, ranar bikin, aka shafe Hifza da hoda da jan-baki. Yara na guje-guje, ita ta tsuguna a gindin bango, ba um ba um-um. Da kunnena na ji mata suna yabon ta, wai ga yarinya mai hankali, ba ta da rigima. Hankalin me, don Allah? Yarinya ce numfashi ke gagara, an rufe duk inda zai nuna.

Rubina ta durƙusa ta kwance tsumman. Farcen kamar an tsoma shi a ruwan bula. Ta saɓi 'yarta, ta ratsa tsakiyar dangin ango da suke shigowa daidai lokacin, ko takalmi babu, ta tare keke mai ƙafa uku a bakin titi, sai asibiti.

Hifza ta rayu. Ta jima a kwance ana ƙara mata iska, amma ta dawo gida. Kuma ka san abin da mutanen gidan suke maimaitawa har yau? Wai Rubina ta kunyata su a gaban surukai, kuma bakin Shamshad ne ya jawo. Babu wanda ya taka ya ce wa Shamshad sannu, biki biyu aka yi bayan nan ba a kira ta ba.

Ni na leƙa ta katanga na ba ta labari. Tana tankaɗe garin lalle, ba ta ɗago ba. Ta tambaye ni wane yatsa ne, na ce ƙaramin.

"Madalla," ta ce. Ta jima tana kaɗa rariyar. "Ni tawa Nighat duka goman na yi mata, har da na ƙafa. Ta yi kyau ranar, wallahi."