Yatsan da Na Sa a Bakin Fara

Assalamu alaikum jama'a. Na san an daɗe ba a ji ɗuriyata ba. Masu tambayar ko na daina lalle, da masu tsokanar wai na yi kuɗi na manta da mutane, ku yi haƙuri, ga abin da ya faru. Da hagu nake wannan rubutu, in kun ga kuskure ku kau da kai.

Duk wadda ta taɓa zuwa gidanmu a Ƙofar Sauri na zana mata lalle ta san Fara, magen da Inna ta rasu ta bar mini. Ita ce mai miƙewa kan tabarmar amare ba kunya.

Cikin damina ta fara ƙin abinci. Za ta ɗauki loma, sai ta saki ta yi ƙara. Miyau na dalala, baki na wari.

Wata Hajiya da nake zuwa yi wa lalle a Kambarawa ta ce, "Rabi, wannan haƙori ne. Akwai likitan dabbobi, Malam Sabi'u, da ke yawo bisa babur da akwatinshi gida gida. Shi ke duba haƙoran karnukan GRA, har mussa irin taki yana dubawa. In kira maki shi?"

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Haba Hajiya! Mu mutane ma kanumfari muke sa ma haƙori, sai mussa za a kira ma likita har gida? Ai sai unguwa ta ɗauka."

Na dawo na daka kanumfari da ɗan gishiri, yadda Inna take yi mana muna yara. Na ɗora Fara a cinya, na buɗe bakinta, na cusa yatsa.

Wallahi dabbar nan ko yaƙushina ba ta taɓa yi ba. Amma ina taɓa wurin ta datse manunina na dama, haƙori ya shige har gaɓa.

'Yan huji ne ƙanana, jinin ma ba wani mai yawa ba. Na wanke, na ɗaure da ƙyalle, na ci gaba da aiki. Bikin ƙanwata Zulai ya matso, kuma tun tana ƙarama na yi mata alkawarin ni zan zana mata lallen aure.

Washegari yatsa ya kumbura. Na aika kemis aka haɗo mini magani. Kumburi ya ci tafin hannu, kaluluwa ta fito a hammata, zazzaɓi ya rufe ni, duk da haka ina cewa zai faɗa.

Maigida ne ya kwance ƙyallen, ya duba, ya ce, "Rabi, wanga hannu ya wuce kemis. Tashi mu tai asibiti."

Likita ya gwada miƙe yatsan, na kurma ihu. Ya ce, "Cizon mage bakinsa ƙarami ne, amma yana da zurfi. Da kin zo ranar, wanki da magani sun isa. Yanzu mugunya ta bi jijiya. Za mu yi ƙoƙari kada a yanke."

Daga "kada a yanke" ban sake fahimtar komai ba. Da wannan yatsa nake matsa ledar lalle, da shi nake ci nake sha. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba.

Aka ɗebi jini, aka gwada suga, aka ɗauki hoton hannu. Aka fara mini alluran rigakafin haukan kare, aka ɗaura ƙarin ruwa, aka shiga da ni tiyata aka tsaga aka kwashe mugunyar.

Wankin ciwo na safe kuwa, Allah kada ya nuna muku. Da na ji ƙarar keken nas sai in cusa mayafi a baki.

'Yan kunnena na zinari a kuɗin asibitin nan suka tafi.

Da likita ya nemi a tabbatar da lafiyar magen, sai ga maigida yana neman lambar Malam Sabi'un da na yi wa dariya. Mutumin ya zo har zaurenmu, ya yi mata allurar barci, ya cire ruɓaɓɓen haƙorin, ya kankare sauran. Ya ce wa maigida, "Ba mugunta ta yi ba, azaba ce ta ishe ta. Kanumfarin ma cutar da ita yake."

Kafin a sallame ni Fara ta koma cin abincinta.

Alhamdulillahi, ba a yanke ba. Amma yatsan ya sandare, ba ya lanƙwasa. Ina zuwa asibiti ana gasa shi, sun ce in yi haƙuri, ba su yi mini alkawarin komai ba.

Ranar lallen Zulai wata aka ɗauko daga waje. Ina zaune a gefe ina kallo, ina murmushin dole. Da ta kusa gamawa Zulai ta janye hannu, ta miƙo mini tafinta, ta ce, "Yaya, na sa ta bar maki tsakiya. Ko ɗigo guda ne, ki sa mani."

Na sa mata da hagu. Ya karkace. Muka yi ta kuka har aka fara yi mana faɗa.

Ina godiya ga Allah, ga likitoci da nas-nas, ga maigida da bai taɓa yi mini gori ba, da waɗanda suka ji suka yi ta addu'a. Allah ya saka da alheri.

Don Allah, in dabbarku ta ƙi ci, tana dalalar da miyau, ku kira masu aikin, har gida suke zuwa. Kada ku sa hannu a bakinta, kada ku ba ta maganin mutane. In mage ko kare ya cije ku, ku wanke da sabulu da ruwa mai yawa, ku tafi asibiti ranar, ko da hujin bai kai ƙwayar gero ba.

Fara na nan gefena tana taunar kan kifi. Ni kuma ina koyon riƙe ledar lalle da hagu, kamar ranar da na fara.