Manto Ɗaya, Jakadu Biyu

Daga Yamai zuwa Damagaram

Ana kiran assalatu muka bar Yamai, ni da Malam Ari, direban ma'aikatarmu ta harkokin waje. Aikina a can furotokol ne, wato ni ke sanin wa zai shiga gaba, wa zai zauna dama, wa za a fara miƙa wa ruwa. Mutane na raina wannan aiki, sai ranar da aka zaunar da su a kujerar baya.

Ma'aikata za ta buɗe ɗakin tarihi, ana son tsofaffin jakadu biyu da suka rage cikin na farko su zo su buɗe shi tare. Dukansu ƴan Damagaram ne, ni ma haka, shi ya sa aka jefo mini aikin. Shugabana ya ce, "Hadiza, ko ki zo da su biyu, ko kada ki zo da kowa." To amma tun da suka ajiye aiki babu wanda ya taka ƙofar wani. Alhaji Mamman na unguwar Birni ya ce shi ne babba a shekaru, Isufu ya zo ya gaishe shi. Alhaji Isufu na Gidimuni ya ce shi aka fara naɗawa jakada, Mamman ya zo. Da wasa abin ya fara, har ya daskare.

A Doso muka sha shayi da burodi. Kafin Ƙonni jandarma ya leƙo, ya duba takardu, ya ce, "Madam, ina zuwa?" Ari ya riga ni: "Sulhu za mu yi tsakanin manyan ƙasashe biyu." Jandarma ya yi dariya ya ɗaga mana igiyar shinge. A Galmi Ari ya cika bayan mota da albasa, a Tasawa na sayi kilishi na jaka biyu. Bayan isha muka shiga Damagaram, na sauka gidan gwaggona, na ci tuwon gero na kwanta da zullumi.

Birni

Mota ba ta shiga lungun Alhaji Mamman. A bakin hanya muka bar ta, na taka rairayi har zaurensa. Dogo ne, yana zaune a miƙe kamar za a ɗauke shi hoto. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Shi wancan gajeren zai je?"

"Ranka ya daɗe, shi ma an gayyace shi."

"To ya biyo ta nan ya gaishe ni, sai mu tafi."

Ban ja ba. Na ce ko yana da wani abu na zamanin da da za mu sa a ɗakin tarihi. Nan fa baki ya buɗe. Ya ce lokacinsu ƙasa ba ta da mutanen aikawa waje, duk wanda ya iya riƙe alƙalami kama shi ake yi. Shi mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, Isufu ma'aikacin gidan waya. Aka tura su wata ƙasa mai sanyi su buɗe ofishin jakadanci: ɗaki biyu a saman shagon mai takalma, tuta kuwa a akwati suka tafi da ita, ɗinkin wani tela na Birni. Daga waɗannan ɗakuna biyu suke kula da ƙasashen maƙwabta, a jirgin ƙasa, da guzurin garin rogo.

"Sanyi ya zo, ƴata, muka haɗa abin da ke aljihunmu, manto ɗaya ya saya, rigar sanyin nan ta Turawa. Mai fita ya sa, ɗayan ya zauna gadin tarho. Ranar da aka gayyace mu liyafa tare, na sa na shiga, na zagaya na miƙa masa ta taga. Ya shigo yana taƙama, hannun rigar ya rufe masa yatsu."

Ya sa aka ɗauko masa ita daga adaka. Babbar rigar sanyi ce baƙa, mai nauyi, tana warin kafur. Ya miƙo mini. "Na ba ma'aikata kyauta. In kin je Gidimuni, ba laifi ki nuna masa." Na lura bai dubi idona ba da ya faɗi haka.

Gidimuni

Da hantsi washegari muka bi ta Miriya, muka isa Gidimuni kafin azahar. Tafki na ƙyalli, lambuna sun kewaye shi, ga rake ga dabino. A gindin wani dabino muka sami Alhaji Isufu kan tabarma. Sai da na matso na gane idanunsa sun kusa tafiya, da murya yake gane mutane. Na ce a raina, in ba su haɗu bana ba, ko sun haɗu daga baya ba zai ga abokinsa ba.

Amsarsa irin ta wancan ce: "Ni ne na fara kai takardar jakadanci. Ya zo."

Na ɗora masa manton a cinya. Ya shafa wuyan, ya bi maɓallai ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a na ƙasa. "Wannan ni na ɗinka shi da zaren buhu." Har na ji tausayi ya kama ni. Sannan ya ce, "Ina kika samo?"

"Baba Mamman ya ba ma'aikata kyauta."

"Kyauta? Da izinin wa? Rabin rigar nan nawa ne. Shofer, ta da mota."

"Gaishe shi za ka je, Baba?"

"Wace gaisuwa? Ƙorafi zan kai. Jakada ba ya aika ƙorafi irin wannan, da ƙafarsa yake zuwa."

Ari ya juya baya yana tari don kada a ga haƙoransa. Aka cusa mana rake kan albasa, muka juyo.

Birni kuma

La'asar sakaliya muka tsaya a bakin lungu. Na riƙe hannun Alhaji Isufu muna takawa a hankali, ina ta lissafin yadda zan yi da zaure: wa zai fara sallama, wa zai miƙe. Ashe an riga ni. A tsakiyar lungu muka tarar da Alhaji Mamman tsaye da babbar riga da hula, da alama ya daɗe a nan.

"Ba tarbarka na fito ba," in ji shi. "Ƙa'ida ce, a tsaye ake karɓar ƙorafi."

"Ni ma ba wurinka na zo ba, ɓarawon manto."

Ya miƙa hannu yana laluben iska, Mamman ya kama, ya ɗora a fuskarsa. Isufu ya shafa ya ce, "Kai, ka tsufa." Sai suka rungume juna. Ni da nake taƙama da sanin wa ke gaba, ban san wanda ya fara rungumar wani ba, don hawaye sun rufe mini ido.

Komawa

Da asuba muka kama hanya. Saura rigima ɗaya da na kwana ina tsoro: kujerar baya ta dama, ta babban baƙo. Na buɗe ƙofa na tsaya. Mamman ya ce Isufu ya shiga, ai shi aka fara naɗawa. Isufu ya ce a'a, babba a shekaru. Sai da Ari ya ce rana na yi, sannan suka shiga ta ƙofa ɗaya, ban duba wanda ya ƙare a dama ba.

Har Tasawa suna musu kan wanda ya ƙona shinkafa ranar da minista ya ziyarce su. A Maradi muka kwana saboda gwiwoyinsu. Washegari bayan Ƙonni na ji shiru, na waiwaya. Sanyin motar ya dame su, sun ja manton sun rufe ƙafafunsu tare, sun yi barci.

Mun shiga Yamai da magariba lafiya. Ranar buki su biyu suka riƙe almakashi ɗaya. Amma da na zo karɓar manton suka ƙi, wai sai sun gama da shi tukuna. Shugabana ya dubi ƙusar da aka tanada a bango ya ce, "Hadiza, ina rigar?" Na ce, "Ranka ya daɗe, tana bakin aiki."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa gwaggona da tuwonta, da Malam Ari da albasarsa, da iyayena biyu da suka koya mini aikina a tsakiyar lungu.