Sunan da Murja Ta Samo a Waya

Ni da Murja matar Ɗalha mun yi faɗa ranar sunan 'yarta, a tsakar gida, gaban matan garinmu Ɗanzomo. Ni ce ungozomarta. Haihuwa uku na karɓa mata kafin wannan, ba ɗaya da ya kai yaye. Liman ya raɗa wa jaririyar Asama'u, ni kuwa na ce a gida a riƙa kiranta Ajuji, yadda ake yi wa 'ya'yan mai wabi, a nuna ba a damu da ita ba, ko mutuwa ta wuce ba ta kula ba.

Murja ta ce 'yarta ba shara ba ce. Ta yi firamare, tana suyar awara a bakin tasha, ta iya latsa waya, shi ke nan ta fi kowa sani. Wai ta samo suna a wayar, Amrita, daga wani tsohon yaren Indiya da ake kira Sanskirit, wanda suke rubuta littattafan addininsu da shi. Ma'anarsa, in ji ta, wadda ba ta mutuwa.

Na ce, "Ana ɓoye yarinya, ke kin hau katanga kina kiran mai nemanta."

Ta ce in kama gabana. Na kama, har tuwon sunan na bar musu.

Yarinyar ta rayu. Ƙyanda ta shigo unguwa ta tsallake ta, ko zazzaɓin haƙori ba ta yi ba. Sai dai ba ta wasa da yara. Tun da ta fara tafiya take zagayawa bayan ɗakin uwarta da kofin kokonta, ta tsiyaya a wuri uku, ta zauna tana hira ƙasa-ƙasa. Murja ta ɗauka wasa ne. Ni da na leƙa ta katanga wani hantsi sai na gane wuraren. A wuraren nan uku na binne mabiyiyar yayyenta, wato uwar cibiyarsu, kuma ban taɓa nuna wa kowa ba.

Bara Ɗalha ya samu tuƙin keke napep a Gumel, za su tashi. Murja ta zo gidana bayan shekara huɗu ba ma gaisawa, ta durƙusa, duk ta rame. Ta ce tun da aka fara ɗaure kaya yarinyar ta daina cin abinci, abin da take faɗi kawai shi ne su ba za su iya zuwa ba. Ta ce, "Inna, su wa take nufi? In na ɗauke ta daga gidan nan za ta rayu?"

Ban gaya mata abin da ke ƙarƙashin ƙasar ba. Na ce rai na Allah ne, ba na wayarta ba. Na ce, "Ki dama koko da hannunki, ku je tare, ki tsiyaya inda take tsiyayawa, ki kira yayyenta da sunayensu ki yi musu sallama. In ta waiwaya a hanya, ke kada ki waiwaya."